Haƙƙin Naƙasasshe Ba Sadaka Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasiƙar ta yi tsawo, amma ka yi haƙuri da ni, don ban san ko zan sake rubuto wata ba. Wannan ɗin ma ba da hannuna na rubuta ba, ina faɗa ne 'yata tana rubutawa.

Ni lauya ne. Na shafe shekara talatin da 'yan kai ina sa baƙar riga da hular gashi ina shiga kotu, tun daga kotun majistare har babbar kotu. Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da ni wata safiya ina cikin alwala, ɓarin jikina na dama ya shanye. Yau a keken guragu nake. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kuma gaya mini gaskiya cewa zuciyar ma ta gaji. To, wanda ya ji irin wannan magana ba shi da sauran wanda zai ji wa tsoro ko kunya sai Allah. Saboda haka zan fara da tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa.

Wajen shekara ashirin da suka wuce wani bawan Allah ya zo ofishina. Gurgu ne, shan inna ta kama shi tun yana yaro, da hannu yake tafiya, ya sa silifa a tafin hannu. Gyaran rediyo da tocila yake yi a kasuwa, a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa. Sai wani ɗan'uwansu mai hali ya ƙwace rumfar, wai ai gurgu ba ya iya riƙe dukiya, a bar masa ya riƙa juyawa yana ba shi ɗan na cefane. Mutumin ya ce shi ba cefane yake nema ba, rumfarsa yake so. Da ƙyar da jiɓin goshi ya haɗa kuɗin aikina, muka shigar da ƙara.

Kotun a saman bene take. Duk ranar zama sai ya rarrafa ya hau, farar rigarsa ta Juma'a tana sharar ƙasa, ko kuwa ya zauna a gindin bene yana jiran wani mai tausayi ya goya shi. Wata rana aka yi ruwa, matakala ta yi santsi, ya kasa hawa. Ni kuma ina wata kotun ina shari'ar wani attajiri. Aka kira ƙara har sau uku, ba mai ƙara ba lauyansa, alƙali ya kori shari'a. Alhali mai ƙara yana nan ƙasa, yana jin ana kiran sunansa da kunnensa, yana amsawa, ba wanda ya ji shi.

Da na zo, ka san abin da na ce masa? Cewa na yi, "Malam, ai sai ka riƙa yin sammako." Na kuma caje shi kuɗin sake dawo da ƙara. Ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini a rai ba in miƙe in roƙi alƙali ya sauko ƙasa ya saurari shari'ar nan, roƙon da ba zai ci minti biyu ba, kuma babu dokar da ta hana. Shari'a ta yi ta ja, yau a ɗaga gobe a ɗaga, aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, aka faro daga farko. Shekara huɗu ana abu ɗaya. Mutumin nan ya rasu saura 'yan makonni a yanke hukunci. Ko jana'izarsa ban je ba, wai ina da zaman kotu.

Bara na koma wannan kotun, karo na farko tun da na kwanta ciwo. Benen yana nan yadda na bar shi. Samari huɗu suka ɗauke ni da kekena kamar buhun masara, hulata ta faɗi, riga ta harɗe a taya, mutane suna ta "sannu Barista". A tsakiyar benen nan na tuna da mai rediyo. Wallahi Edita, hawayen da na yi ranar ba na ciwo ba ne. Hausawa suka ce jiki magayi.

Mu lauyoyi mukan ce kowa daidai yake a gaban shari'a. Haka ne, amma fa sai wanda ya iya isa gabanta. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole a ji ta bakin kowa kafin a yanke masa hukunci, kuma wanda ake tuhuma da laifi in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a samo masa tafinta kyauta. Mai fassara Turanci zuwa Hausa ba ya wuya a kotunanmu. To kurma fa? Na taɓa ganin wani saurayi kurma da ya yi wata da watanni a gidan yari yana jiran shari'a a kan zargin satar akuya. Duk ranar da aka kawo shi ba mai gane maganar hannunsa, sai a rubuta an ɗaga, a mayar da shi. Zaman da ya yi ya fi ƙarfin akuyar. Sashe na 42 kuma, wanda ya hana nuna bambanci, ya lissafa ƙabila da addini da jinsi da asalin mutum da ra'ayinsa na siyasa, amma bai ambaci naƙasa da sunanta ba.

Yanzu dai an toshe wannan giɓi da doka, kuma ita ce babban abin da nake so mutanen karkara da 'yan kasuwa su sani, don na lura da yawa ko labarinta ba su ji ba. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu, Nijeriya ta rattaba hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Bayan an daɗe ana kai ruwa rana, majalisa tana zartarwa shugabanni suna ƙin sa hannu, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa.

Na farko, duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa ya yi laifi. In mutum ne shi kaɗai, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. In kamfani ne, tarar Naira miliyan ɗaya. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙara ya nemi diyya.

Na biyu, naƙasasshe yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare.

Na uku, ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu.

Na huɗu, in ana layi, ko a asibiti ko a banki, naƙasasshe ake fara saurara.

Na biyar, aka ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, a yi musu gangara da sauran abin da zai sa mai keke da makaho su shiga su fita ba sai an ɗauke su ba.

Wannan wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ni kuwa bayan cikarsa aka ɗauke ni kamar buhu a benen kotu, wato gidan da ya kamata a ce shi ke hukunta masu karya dokar. Ina roƙon duk mai karanta wannan wasiƙa ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarsu, da asibitin garinsu, da makarantar firamaren unguwarsu, ya duba da idonsa ko mai keke zai iya shiga. A 2020 an kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Jihohi ma da dama sun yi tasu dokar, Filato tun 2005, Legas a 2011, haka nan Kano da Kaduna da Jigawa. Ashe doka ba ta yi mana kaɗan ba. Aiki da ita ne ya gagara, kuma ba za a yi aiki da ita ba muddin masu haƙƙi ba su san da zamanta ba.

Akwai wani sashe na dokar da ya hana amfani da naƙasasshe wajen bara, da yawo da shi a titi don neman sadaka. Ina goyon bayan a kama masu cin kasuwa da lalurar bayin Allah, masu ajiye makafi da guragu a bakin danja da safe su zo da yamma su karɓi kaso. Amma gaskiya ɗaya ce, gwamnatin da ba ta ba mutum makaranta ba, ba ta ba shi sana'a ba, ba ta da bakin cika shi a mota don ya miƙa ƙoƙo. A fara sauke nauyi kafin a ɗauki bulala. A 2007 gwamnatin Jigawa ta Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 duk wata. Ko ba komai an nuna abin mai yiwuwa ne in an so.

Sai maganar dimokuraɗiyya. Tun ranar 29 ga Mayu 1999 muke cikin mulkin farar hula, ana ce mana ƙuri'ar kowa ɗaya ce, ta attajiri da ta talaka. To, ina ƙuri'ar wanda aka kafa wa rumfar zaɓe a ƙetaren kwata? Ina sirrin ƙuri'ar makahon da wakilin jam'iyya ya riƙe masa yatsa ya dangwala inda ya ga dama? Dokar zaɓe ta 2022 ta ba makaho ko mai wata lalura damar zuwa da mutumin da shi da kansa ya zaɓa ya taimaka masa, ba wanda aka ɗora masa ba. Tun zaɓen 2019 kuma hukumar zaɓe ta fito da wata takarda mai rubutun makafi da ake ɗora wa takardar ƙuri'a, da gilashin ƙara girman rubutu domin zabiya da masu raunin gani. Abin a yaba ne. Amma makahon ƙauye da ba a taɓa kai shi makaranta ba, ina ya koyi rubutun makafi? Ka ga an dawo kan maganar makaranta ke nan.

'Yan siyasarmu kuwa ba sa tunawa da naƙasassu sai zaɓe ya matso. Sai a tara su a rana tun safe, a raba kekuna goma da taliya, masu ɗaukar hoto sun fi kekunan yawa. Gobe ka ji a rediyo wane ya share hawayen guragu. Keken nan ba daga aljihunsa ya fito ba, kuɗin jama'a ne, da harajin mai gyaran rediyo a ciki. Wanda ya ba ka haƙƙinka ya ce sadaka ce, ya ci ka sau biyu, ya karɓi godiya ya kuma karɓi ƙuri'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa. Ka ɗora iyayensu da matansu da 'ya'yansu, ka ga ba ƙaramar ƙuri'a ba ce. Da za su haɗa kai su ce ba za su zaɓi kansila ko ciyaman ko ɗan majalisa ba sai ya yi alkawari a gaban shaidu zai gyara ƙofar asibiti, ya sa 'ya'yansu a makaranta, ya ware musu rumfuna a kasuwa, da an ga canji.

Kada wani ya ce wannan ra'ayin Turawa ne aka kawo mana. Tun kafin zuwan Bature ƙasar Hausa take da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu rawani, masu kai kukan jama'arsu fada. Kakanninmu sun gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tarihin Musulunci, Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, kuma an sha bar masa riƙon Madina. A nan Zariya an yi Malam Aliyu Namangi, makaho, mai waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, har gobe masu ido suna karatu a kan abin da ya bari. A wasannin duniya da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Barazil a 2016, masu lafiyarmu tagulla ɗaya tak suka kawo, naƙasassunmu kuwa zinare takwas suka ciyo. To wane ne nauyi a kan wani?

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba komai ne laifin gwamnati ba. Ya kai ɗan'uwa manomi, in Allah ya ba ka ɗa kurma ko gurgu ko makaho, kada ka ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, kada kuma ka ce shi rabonsa bara. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki cikin Kano, akwai ta makafi a Gindiri ta Jihar Filato, akwai wasu a jihohi. Yaron da ake ba sanda ya ja makaho yawon bara shi ma an kashe masa karatu, gida ɗaya an yi asarar mutum biyu. Ka kai 'ya'yanka rigakafi. Mutanen Kano ba su manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna har cikin 2004, cutar ta sake bazuwa. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma rigakafi bai ƙare ba, kuma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

Ya kai mai rabon gado, ka sani naƙasa ba ta rage wa magaji ko sisin kwabo daga rabonsa. Abin da na fi gani a aikina shi ne wa ko ƙane ya riƙe gonar naƙasasshe da sunan amana, shekara ta zagayo ya aika masa da kwano biyu na gero. In lalurar ta hankali ce har sai an riƙe masa, to a riƙe a gaban shaidu, a rubuta.

Ya kai ɗan kasuwa, kada ka baza kaya ka toshe hanya, ka ɗora ɗan katako a kan kwatar ƙofar shagonka. Mai keke ma ciniki ya kawo, ba roƙo ba. In an ba shi canji a ba shi cikakke, makaho ba ya gani amma Allah yana gani. Direba da ɗan kamasho, ku daina wuce gurgu a tasha don wai kekensa zai ci wuri. Masu gina masallaci da makarantar Islamiyya da shago, ku ce wa magini ya yi gangara a gefen matakala. Ɗan simintin da za ta ci bai kai kuɗin fenti ba.

Wanda kuma aka zalunta kada ya ce ba shi da kuɗin lauya ya haƙura. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi, ba a biyan kuɗi kafin a kai kuka. In shari'arka tana saman bene kuma ba ka iya hawa, ka sa a gaya wa rajistara, ka sa lauyanka ya roƙi alƙali a sauko. In lauyan ya yi maka irin abin da na yi wa mai rediyo, ka tuna masa kai ka ɗauke shi aiki.

Ga 'yan'uwana lauyoyi da alƙalai, ba ni da abin cewa sai abu ɗaya. Duk ranar da aka ɗaga shari'a, a wurinmu shafi ɗaya ne na littafi aka juya. A wurin talaka kuɗin mota ne, da yinin kasuwa da ya tafi a banza, wani lokaci ma da ragowar kwanakinsa.

Edita, da ina da lafiya na ɗauka naƙasassu wasu mutane ne daban, mu kuma daban. Ashe tsakanina da su alwala ɗaya ce. Hatsarin babur ɗaya, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko yanar ido, ko tsufa kawai, ya isa ya mayar da kowa cikinsu. Gangarar da ka yi wa wani yau, wataƙila kanka ka yi wa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Don Allah duk wanda ya haura shekara arba'in ya riƙa zuwa ana auna jininsa, ni raina abin na yi.

Da dare in barci ya ƙi zuwa nakan yi lissafi. Manyan shari'un da na ci, waɗanda aka buga a jarida, ko ɗaya ba ta zuwa ta taya ni hira. Mai rediyo ne yake zuwa. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun 1983 bai bar dukiya ba, amma har yau talaka yana sa masa albarka. Gani Fawehinmi, lauyan nan na Legas da sojoji suka sha ɗaurewa saboda kare marasa gata, ya rasu a 2009, har yau in ana maganar lauyan talakawa sunansa ake fara kira. Kowa da abin da zai bari. Ranar da za a ɗauke mu a makara, da Barista da gurgu duk ɗauka ce, ba mai tafiya da ƙafarsa, kuma can babu lauya, babu ɗaga shari'a.

Na sa an nemo mini iyalan mutumin nan, na mayar musu da kuɗin da na karɓa, na roƙi gafararsu. Matarsa ta ce sun yafe. Shi kuwa mai haƙƙin ya riga ni tafiya, sai dai in mun haɗu. Abin da ya rage mini na ƙarfi na sa yaran ofishina su riƙa karɓar shari'ar naƙasassu ba tare da kuɗi ba, kuma na rubuta wa hukumar da abin ya shafa a kan benen nan. Ko zan ga an gyara ko ba zan gani ba, Allah ne masani.

Ina roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman a majalisar sarakunan makafi da guragu, da tashoshin mota da kasuwannin ƙauye. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.

 

Daga wani tsohon lauya,
mai karanta jaridarku kullum.